Ijazar Ustaz Uthman

Ustaz Uthman Ibrahimu mutum ne da Allah ya ba dogon numfashi da gajen haƙuri. Sana'arsa busa kilarinet, wannan baƙar sarewar Turawa mai maɓallan azurfa, kuma a babbar ƙungiyar makaɗa ta Omdurman, wadda mutanen gari ke kira orkestira, ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Kujeru biyu ake ajiye wa masu kilarinet a can, ta farko da ta biyu. A ta biyun ya zauna tun gashinsa na baƙi har ya yi fari fat, amma wanda ya ga yadda yake ɗaga haɓa idan zai shiga ɗakin gwaji sai ya rantse shi ya sassaƙa kujerun duka. Yana da wani ɗan tari da yake yi idan wani ya yi busa a gabansa, ba na mura ba, na raini. Maƙwabtansa a unguwar Alsawra sun san tarin nan fiye da yadda suka san busarsa.

Kakansa ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya bakin Nilu don ya ɗan huta, hutun da har yau jikoki ba su gama ba. Mahaifinsa, Malam Ibrahimu, a unguwar Alshajara yake karantar da magidanta littattafan fiƙihu, leburori da makanikai masu zuwa bayan la'asar da baƙin mai a farce. Malam yana da al'adarsa. Idan ɗalibi ya sauke littafi kuma ya gamsu da shi, sai ya rufe littafin, ya ɗora tafin hannu a kai, ya ce, "Ya isa." Daga nan ya jero masa salsala: na karɓa daga wane, shi daga wane, har a kai ga mai littafin. Wannan ita ce ijaza, izinin ka tafi ka koyar da wani. Sai ya rufe da gargaɗi cewa ijaza ba a tallarta, wanda ya kai ta kasuwa ya zubar da albarkarta. Uthman ya girma a bakin zauren nan yana ganin ƙarti na kuka saboda kalma biyu. Shi kuwa kansa bai ɗauki fiƙihu ba, ko sau ɗaya ba a rufe masa littafi ba. Ranar da ya ce busa zai koya, Malam ya dube shi sama da ƙasa ya ce a zuriyarsu dai ba a taɓa yin maroƙi ba. Da wannan yunwar ya shiga wata makarantar kiɗa a Khartum.

A makarantar akwai baƙon malami daga ƙasashen sanyi, dogo mai jan hanci, wanda zafin Khartum ya hana sukuni. Sunansa ya fi ƙarfin harshen ɗalibai, sai suka bar shi a Khawaja, yadda ake kiran kowane Bature a nan. Gwani ne na gaske, wannan ba a ja. Larabcinsa dai kalma biyu ne cak. Idan ɗalibi ya busa, Khawaja ya ji akwai abin gyara, kuma mai shi ya cancanci a sha wahala a kansa, sai ya buga ƙafa ya ce, "Tani!" wato sake. Yana iya tsare mutum a layi ɗaya har leɓensa ya fashe. Idan kuwa ya saurari mutum ya ga ba abin da zai fito ko an shekara ana tatsa, sai ya ɗaga hannu a gajiye ya ce, "Kifaya," ya miƙa shi ga ƙaramin malami ya ƙarasa da shi. Duk ajin sun gane wannan tun da wuri, ban da mutum ɗaya.

Ba a yi nisa da shekarar farko ba Uthman ya tsaya gaban aji ya busa darasinsa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, domin shi ba ya kuskure. Busa ce daidai wa daida, busasshiya kamar kisrar jiya, wainar dawar nan mai fele-fele. Khawaja ya saurara yana share gumi, ya miƙa hannu ya rufe littafin nota, wato rubutun kiɗa, da ke gabansu, tafinsa ya tsaya a kan bangon littafin, ya ce, "Kifaya."

To, Uthman da Larabci yake magana a titi, amma da Hausa yake ji a zuci. Kalmar na shiga kunnensa ta juye ta zama "ya isa", ga littafi a rufe, ga tafin hannu a kai. Abin da ubansa ya hana shi, ga wani ya taso daga bayan teku ya ba shi a gaban jama'a. Ya tattara kayansa ya fita ƙirji a gaba. 'Yan ajin suka bi shi da kallo suna cewa wannan ɗan malam akwai juriya, an sallame shi amma ko gezau. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma da yake ijaza ba a tallarta, bai gaya wa kowa abin da ya fahimta ba, don haka ba wanda ya samu ƙofar kunna masa fitila. Da aka tura shi wurin ƙaramin malami, sai ya ɗauka an tura shi ne ya riƙa duba aikin mutumin. Ranar da aka binne Malam Ibrahimu, ya jira kowa ya watse, ya durƙusa ya raɗa wa kabarin cewa shi ma an rufe masa littafi.

A ajin nan akwai Abubakar Sadiƙ, ɗan leburorin auduga na Jazira, wanda ya shiga badujalar 'yan sanda yana yaro saboda ana ba da abinci da takalmi, ya koyi busa da kunne tun kafin ya san nota. Shi Khawaja ya fi azabtarwa. Tani da safe, tani da rana, har ya gama makarantar bai taɓa jin ɗaya kalmar ba. Uthman ya riƙa yi masa irin tausayin nan da ya fi zagi ciwo. Da aka ɗauke su orkestira aka ba Abubakar Sadiƙ kujerar farko, Uthman bai yi mamaki ba, ya ce dama ƙasar nan ba ta san gwani ba, wanda ya iya wa manya dariya shi ake turawa gaba. Haka ya zauna kafaɗa da kafaɗa da mutumin, yana jin yadda sautinsa ke narkewa a zauren taro har mata na share ido da gefen tob, mayafinsu, shi kuwa yana ta tarinsa. Sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da Abubakar Sadiƙ, aka ba Uthman wurin da kilarinet ke fita ita kaɗai. Ya busa shi ba tangarɗa, jama'a suka yi amfani da damar suka gaisa da na kusa da su suka sayi gyaɗa. Ya koma gida ya ce kunnen mutanen nan bai kai ba tukuna.

Mutum ɗaya mai rai ya taɓa buɗe wa asirin, matarsa Ruƙayya, suna amarci. Ruƙayya 'yar masu awo ce a kasuwar Omdurman. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni dai, Ustaz, idan na ce wa mai gawayi kifaya, nufina ya daina zubawa." Kwana da kwanaki bai ci tuwonta ba. Daga ranar ta kama bakinta, ta bar shi da kayansa.

Da ya fara koyarwa a gida, sai ya shimfiɗa hanyarsa. Ɗalibi ba ya taɓa kilarinet sai ya yi watanni. Da farko zai tsaya gaban bango ya manne 'yar takarda da iskar bakinsa kawai, idan ta faɗi ya ɗauka ya sake. Bayan nan a ba shi bakin kilarinet shi kaɗai da risha, ɗan siririn karan nan da ke kaɗawa ya ba da sauti, ya yi ta kukan agwagwa a gaban madubi. Madubin don kumatu aka rataye shi. Ustaz ya tsani kumatu su kumbura, domin masu algaita ke haka, kuma maganar maroƙi da ubansa ya yi ba ta taɓa barin kunnensa ba. Kumatu na motsi zai ɗana wa mutum fensir. Waƙa kuwa haramun ce, wanda aka kama yana gwada wata ta rediyo, ranar sauti guda zai ja har magariba. Kafin kowane darasi sai ɗalibi ya karanto salsala a tsaye: Ustaz Uthman daga Khawaja, Khawaja daga wani mai gemu a ƙasarsu, shi kuma daga wani Bajamushe da ba wanda ya san ko an yi shi. Kuma duk abin da ka busa, mai kyau da mara kyau, amsa ɗaya ce: "Tani." A wurinsa tani na nufin ba ka isa ba. Ɗaya kalmar ya ƙulle ta a ƙirji yana jiran wanda ya cancanta, wanda zai karɓa ya riƙa faɗin sunan Uthman a tsaye bayan ransa. Wannan kaɗai yake so a duniya, kuma kullum da hannunsa yake korar masu kawo masa shi. 'Ya'yansa maza sun ga abin da ake yi wa 'ya'yan mutane, ɗaya ya zama direba, ɗaya ya tafi haƙar zinariya.

Sauran masu koyar da kilarinet a gari, kowa da laƙabin da ya yi masa. Akwai tsohon soja da ke sa ɗalibai busa suna fareti a tsakar gida, shi ne Hagu-Dama. Akwai wanda ya yi 'yan watanni a Alƙahira ya dawo da turare da sabon harshe, darasinsa duka labarin manyan da ya taɓa gaisawa da su ne, shi ne Masar-Ta-Gaishe-Ku. Abubakar Sadiƙ kuwa Ɗan Biki yake ce masa, domin a gindin bishiyar mai shayi yake koyarwa. Tun ranar farko zai miƙa wa ɗalibi kilarinet ɗinsa ya ce busa abin da uwarka ke rera maka, shi yana cin ful, dafaffen wakensu, yana kaɗa ƙafa. Ɗaliban Ustaz suka riƙa sulalewa zuwa gindin bishiyar ɗaya bayan ɗaya. Ya ce gara haka, tsakuwa ce ke fita daga shinkafa.

Sai ga Wafa'a, wadda ta bi hanyar a juye, daga gindin bishiya ta taho. 'Yar wani mai walda ce a Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji da masana'antu. Gidansu Hausawa ne, amma kamar sa'o'inta, Hausarta ta gaida manya ce, da Larabci take tunani da faɗa. Abubakar Sadiƙ ya koya mata har ya ga tana bukatar abin da shi ba ya da haƙurin bayarwa, sai ya ce, "Ya binti, ni na ba ki zuma, ki je wurin Uthman ya ba ki tulun zubawa. Ɗaci gare shi, amma ba wanda ya kai shi riƙe sauti a miƙe." Ya kuma yi mata guzuri da labarin Khawaja da kalmominsa biyu. "Mu 'yan makarantar nan haka aka rene mu. Muddin malami na ce miki tani, yana ganin wani abu a jikinki. Ranar da ya ce kifaya, khalas, ki nemi wata sana'a." Bai gaya mata wa aka taɓa ce wa kifaya ba, domin shi mai rufa asirin abokin zama ne.

Shi ya sa ta zauna inda kowa ya gudu. Kowace tani da Ustaz ya jefe ta da ita don ta san matsayinta, ita yabo take ɗauka, ta koma gida da murna. Shi yana ganin ya samu mai ladabi, ita tana ganin ta samu malamin da ya yarda da ita. Kowa na fassara ɗan'uwansa a karkace, kuma abin haushi, aikin na kyau. Zaƙin gindin bishiya bai bar ta ba, ga miƙewar sautin gaban madubi ta ƙaru a kai.

Da yaƙi ya faɗo wa Khartum, orkestira ta watse. Abubakar Sadiƙ ya bi 'ya'yansa zuwa Masar. Ustaz ya ƙi motsawa daga Alsawra, ya ce shi ba ya gudu mota ɗaya da Ɗan Biki. Aka ƙone garejin uban Wafa'a, aka kwashe gidansu har da kilarinet ɗinta, suka dawo wurin dangi a unguwar da ke kusa da ta Ustaz. Ustaz ya ara mata tasa ta biyu, bayan dogon jawabi a kan yadda ake riƙe kayan mutane. Da safe tana tuƙa faten ƙananan waken nan, adas, a takiyya, inda ake dafa wa unguwa abinci a manyan tukwane, da la'asar ta zo darasi da warin hayaƙi a jikinta. Igwa na tashi can nesa, tagogi na rawa, takarda na manne a bango. Risha ta ƙare a gari, suka riƙa kankare tsofaffi da reza. Ranar da ta zo bayan an binne ƙanen ubanta, ta busa abin da ya sa Ruƙayya ta bar wanke-wanke ta zauna a ƙofar madafa, amma abin da Ustaz ya ce wa Wafa'a shi ne tani.

Yaƙin bai taɓa gidansa ba, bakinsa ya shiga. Haƙoransa na gaba, waɗanda mai kilarinet ke dafa bakin sarewa da su, suka fara girgiɗi, ga shi ba likita. Wata safiya ɗaya ya fito cikin burodi. Ya gwada busa, iska ta tsere ta gefe, abin da ya fito ko ɗalibin Hagu-Dama ba zai yarda nasa ne ba. A nan tsoro ya kama shi na gaske. Idan ya mutu da kalmar nan a ƙirji, salsala ta tsinke a kansa ke nan, ya zama mutumin da aka ba amana ya shiga kabari da ita.

Da gari ya fara lafawa mutane na dawowa, aka ce za a sake haɗa orkestira, masu kilarinet su zo gwaji. Abubakar Sadiƙ ya dawo yana dogara sanda, aka ce shi ya zaɓi wanda zai gaji kujerarsa. Ustaz ya ga abin ya zo masa daidai. Ɗalibarsa za ta hau kujerar da aka hana shi, kuma da ijazarsa za ta hau.

Ana gobe gwajin ya sa farar jallabiya da rawani, ya sa Ruƙayya ta turara ɗaki ta dafa jabana, gahawar mutanen nan. Wafa'a ta zo, ta karanto salsala a tsaye, ya ce ta busa. Ta fara daga sautin ƙasa, mai kauri kamar daga cikin randa, ta hau da shi a hankali ba a jin inda take ɗaukar numfashi. Idonsa ya kawo ruwa, wannan gaskiya ne, a ba shi haƙƙinsa. Bai ma bari ta kai ƙarshe ba. Ya miƙa hannu ya rufe littafin nota, ya ɗora tafi a kai, ya ce, "Kifaya."

Sautin ya yanke. Ta sauke kilarinet daga bakinta.

"Na'am, ya Ustaz?"

"Kifaya," ya maimaita, yana gyara zama. Ya ɗan miƙa hannun dama ko za ta so ta sumbata.

Ba ta ma ga hannun ba. Ta kwance kilarinet gaɓa-gaɓa, ta goge kowace, ta jera su a akwati, ta ajiye a gabansa. "Shukran, ya Ustaz," in ji ta. "Da ka faɗa tun farko, da ban ɓata maka lokaci ba." Ta fita ba ta taɓa jabanar ba.

Ya juya wurin Ruƙayya yana murmushi da giɓinsa. "Kin ga tawali'u? Nauyin abin ne ya danne ta. Ni ma ranar kasa magana na yi." Ruƙayya ta ɗauke tiren ta ce, "Uhm."

Washegari Wafa'a ba ta je gwaji ba. Da la'asar raksha, keke mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar gida, Abubakar Sadiƙ ya sauko, mutumin da duk zamansu bai taɓa taka gidan ba. Ko gaisuwa bai gama ba.

"Ya zol, me ka yi wa 'yar nan? Na aika a kira ta, ta ce ta bar busa. Wai ka ce mata kifaya."

"Na ce," in ji Ustaz, ya ɗaga haɓa. "Abin da kai ba a taɓa ce maka ba."

"Alhamdu lillahi da ba a ce mini ba! Kai ka san ciwon kalmar nan, kai da aka yi wa a gaban aji. Wallahi ranar tausayinka ya hana ni cin abinci. Shi ne ka rasa wanda za ka rama a kansa sai 'yar mutane?"

"Tausayina?"

Ruƙayya, wadda ta riƙe maganar nan tun tana amarya, ta leƙo daga madafa ta ce, "Yaya Abubakar, shi fa ijaza ya ɗauka. Irin ta gidan Malam. Ya isa."

Abubakar Sadiƙ ya nemi bakin gado ya zauna. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da abin ya fi sauƙi. "La haula," ya ce a hankali. "Uthman, mutumin nan ba cewa ya yi ka isa ba. Gajiya ya yi. Wanda yake so shi yake tsarewa, kai ya sallame ka ne don ya huta."

Ustaz ya nemi tarinsa, tarin ya ƙi zuwa. Sai abubuwa suka riƙa dawo masa a jere: gumin Khawaja, hannun nan da aka ɗaga a gajiye, ƙaramin malamin da bai taɓa neman shawararsa ba, kallon 'yan aji da ya ɗauka hassada ce. Har kabarin da ya durƙusa ya yi wa raɗa sai da ya tuna, kunya ta rufe shi daga rawani zuwa tafin ƙafa.

"Abin da sauƙi," in ji Abubakar Sadiƙ yana miƙewa. "Ka je ka gaya mata yadda ka ji kalmar. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta zo. Na riƙe mata kujerar, amma ba zan iya riƙewa da daɗewa ba."

Da sauƙi a bakin mai faɗa. Kafin ya gaya mata kifaya yabo ce a wurinsa, sai ya gaya mata inda ya samo ta, kuma ita ta san abin da kalmar ke nufi a bakin Khawaja. Sunan da ta yi shekaru tana faɗa a tsaye zai zama sunan wanda aka kora tun a shekarar farko. Duk da haka ya ɗauki akwatin da safe ya nufi takiyya, yana tafe yana shirya jawabi yana rushewa.

Ya tarar da layin mata da robobi, ciki har da maƙwabtansa. Wafa'a na kan tukunya da ludayi. Da ta gan shi ta miƙa wa wata, ta goge hannu, ta zo gindin katanga ta gaishe shi da ladabinta na kullum. Idonta a kumbure yake.

"Na kawo miki wannan," ya ce, yana ɗaga akwatin.

Ta dubi akwatin, yatsunta na motsi su kaɗai. "Ustaz, ma'alesh, tambaya ɗaya. Tun shekaranjiya nake juya ta. Na ce ko a wurinka kalmar tana da wata ma'ana, yani ko ni ce ban gane ba." Ta ɗago ta dube shi. "Kai, Khawaja me yake ce maka?"

Ga ƙofa nan ta buɗe masa ita da kanta, har ta share masa bakinta. Ba a nemi ya durƙusa ba, ba a nemi ya yi rantsuwa ba. Kalma ɗaya ta gaskiya, 'yar mutane ta koma ga busarta, kujerar farko ta zo gidansa, sunansa ya tafi gaba ko da da dariya a haɗe. An ce girman kai rawanin tsiya, kuma ranar nasa sabon guga ne. Ya dubi matan layi, ya ga wata ta juyo. Ya dubi Wafa'a, ya ga har yanzu da idon ɗaliba take kallonsa. Ya gyara rawanin, tarin ya dawo.

"Tani," ya ce. "Kullum tani, har na bar makarantar."

Ta gyaɗa kai a hankali. Yatsun suka daina motsi.

"To, na gane daidai ke nan," in ji ta. "Ka ba wanda ya cancanta, ya Ustaz. Allah ya saka da alheri." Ta koma ta karɓi ludayinta.

Magana zarar bunu ce. Da bakinsa ya yar da abin da ya yi rayuwarsa duka yana riƙo, ya ari kalmar Ɗan Biki ya rufe tsiraicinsa, kuma 'yar mutane ce ta biya. Ya tsaya kaɗan kamar mai jiran a kira shi, ba wanda ya kira shi, ya juya.

Ruƙayya ta gan shi ya shigo da akwatin kamar yadda ya fita da shi. Ya tura akwatin ƙarƙashin gado, ya zauna ƙarƙashin madubin kumatu, ya ce 'ya'yan yanzu ba su da haƙuri. Ta kawo buta, ta ba shi kofi ya riƙe, ta fara zuba shayi tana kallon fuskarsa, tana jiran ya ce ya isa. Bai ce ba, ita ma ba ta daina ba, har kofin ya cika ya zubo masa a hannu.